Katangar Alhaji Mai Kwano

Duk ƙasar Kurfi, daga Barkiya har Ɗantutture, babu wanda ya san ruwa kamar Alhaji Mutawakkil. Shi da bakinsa ya faɗa, kuma mutum ne da ba ya ƙarya sai da dalili. Ya san ruwan sama, ya san na rijiya, ya san na leda. Tun da ya koma Dutsin-Ma da sayar da hatsi, shekara ashirin ke nan, sau huɗu yana zuwa bakin dam ɗin Zobe, kuma a zuwa na uku har saukowa ya yi daga mota. Mutumin da ya yi irin wannan kusanci da ruwa, in yana magana ai sai a yi shiru.

Ga kuma ilimin takarda. Bara waccan an yi wani taron bita na kwana uku a Katsina a kan zaizayar ƙasa. Gaskiya ne ba shi aka gayyata ba, wani maƙwabcinsa ne da zazzaɓi ya kwantar, amma Alhaji bai yarda kujerar ta tafi a banza ba. Ranar farko ya isa ana rabon abinci. Rana ta biyu ya samu wuri ƙarƙashin fanka, ya rufe ido don karatun ya fi shiga. Rana ta uku aka ba shi satifiket, da jaka, da hular kwano rawaya irin ta masu aikin gini.

Satifiket ɗin na nan rataye a shago, sama da buhunan gero. Jakar, matarsa Hajiya ta mai da ita ta cefane. Hular kuwa tun ranar ba ta sauka ba. Kan hularsa ta zanna yake ɗora ta, hula bisa hula, har wurin ɗaurin aure. In ya fuskanci mutane su ce Injiniya, in ya juya baya su ce Mai Kwano. Allah ya hore masa kunne mai tacewa, na farkon kaɗai yake ji.

Ƙauyen da aka yanke masa cibiya, Kwarin Marke, yana gangaren wani tudu ne a hanyar Wurma. Duk damina ruwa na gangarowa daga tudun a guje, ya kwashe ƙasar gonaki, ya zuba a wani kwazazzabo da mutanen garin suka laƙaba wa suna Haɗiyau. Haɗiyau ya ci burtalin da shanu ke bi, ya ci wata tsohuwar tsamiya, yanzu kuma ya kafa baki a gonar Gogo Batula.

Gogo Batula tsohuwa ce, gajera, mai kaifin harshe. Gonar ita ce duk abin da marigayi mijinta ya bar mata. Da can tana ba da dami talatin na gero. Bara tara ta ba da. A tsakiyar abin da ya rage akwai wata kuka, kuma duk ƙarshen damina Gogo takan auna da ƙafarta daga gindin kukar zuwa bakin ramin. Shekara uku da suka wuce taku arba'in ne. Bana sha biyu. In Haɗiyau ya kai ga kukar, gona ta ƙare, sai ta naɗe tabarmarta ta koma Kurfi gidan mijin 'yarta. Ta kuwa sha faɗa a bakin rijiya cewa ita da cin tuwon suruki tana sunkuyar da kai, gara ramin ya haɗa da ita.

Da aka gama kaka, mutanen gari suka zauna ƙarƙashin marke suka yi shawara. Mahmuda mai haƙar rijiya, wanda ya yi cin rani wajen Maraɗi, ya ce ya ga yadda ake yi a can. Ana jera duwatsu ne layi-layi a gicciye da gangare, ba siminti, ba komai. Ruwa in ya zo sai ya rage gudu, ya ajiye ƙasar da ya ɗauko, ya tsiyaye ta tsakanin duwatsun. Abin da ke da wuya ɗaya ne: dole layin ya bi daidai inda ƙasa take a kwance ɗaya, ko da zai yi ta lanƙwasa. Don gano wurin, Mahmuda na da wani dogon tiyo fari da yake cika wa ruwa, a ɗaure bakinsa biyu jikin sanduna biyu. Inda ruwan ya tsaya daidai a duka sandunan, nan ake kafa turke.

Aka yarda. Gayya duk Asabar da Talata, kowane gida mutum ɗaya da kwando ɗaya, kuma a fara da gonar Gogo tunda ita ce a bakin mutuwa. Ba wanda ya yi jawabi. Aka shafa fatiha aka tashi.

To ka ji kuskuren mutanen ƙauye. Za su yi aiki babu shugaba, babu allo, babu hoto.

Allah ya taimake su. Sai ga labari cewa wata ƙungiya a Katsina na neman garuruwan da ke irin wannan aiki da kansu, za ta turo baƙi tsakiyar damina su gani, kuma ana son a samu kwamiti. Labarin ya isa shagon hatsi na Dutsin-Ma da safe. Kafin azahar motar Alhaji na tsaye gindin marke, kujerun roba ashirin a bayanta, da lasifika, da katan biyu na lemo. Aka yi zaɓe cikin 'yanci. Mai Unguwa Garba ya ce wa ke son Alhaji ya zama ciyaman, kowa ya ɗaga hannu, don dama hannun na sama ana miƙa lemo.

Alhaji ya gyara kwano, ya ɗan buga lasifikar da yatsa.

"Gwaji, gwaji. Ana ji na a baya?"

Mutum talatin ne a wurin, kuma na bayan duk shi ne wanda ke riƙe masa waya.

"Jama'ar Kwarin Marke, iyayena, ƙannena. Ruwa, kamar yadda muka yi nazari mai zurfi a Katsina, wani abu ne da ke tasowa daga sama ya nufi ƙasa. Wannan a rubuce yake, ba ra'ayina ba ne. Shekara da shekaru ruwan garin nan yana tafiya yadda ya ga dama, saboda me? Saboda bai taɓa haɗuwa da wanda ya fi shi ilimi ba. To yau ya haɗu. Ni ban nemi wannan kujera ba. Da motata na kawo ta, amma ban neme ta ba."

Aka tafa. Wani akuya ya amsa daga bayan danga.

Asabar ta farko Ciyaman ya fita duba aiki. Ya tarar Mahmuda ya riga ya kakkafa turaku a gonar Gogo, layin ya tafi ya lanƙwasa, ya dawo, ya sake lanƙwasawa ya zagaye wani suri. Alhaji ya tsaya ya riƙe ƙugu. Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar, ko layin zai miƙe. Bai miƙe ba.

"Wa ya ja wannan? Mutum ko kumurci?"

"Ni ne, Alhaji," in ji Mahmuda. "Ba ni na lanƙwasa shi ba, ƙasar ce haka. Tiyon ne ke nunawa. In aka ja shi miƙe, wani gefen zai fi wani gangare, ruwan duk sai ya taru wuri guda."

"Tiyo! Ni na yi kwana uku a Katsina, kai kana kawo mini hujja daga tiyon ban-ruwan tumatir? Malam Mahmuda, ka taɓa ganin dam ɗin Zobe? A karkace yake? Ka taɓa ganin layin makarantar boko a karkace? Ruwa yana son oda. In ya gangaro ya ga layi miƙe, fes, ya san da hukuma a wurin. In ya ga irin wannan naka, sai ya ce ashe ma wasa suke. A kawo igiya."

Ba igiya kaɗai aka kawo ba, har wurin aikin aka canza. Ciyaman ya lura, cikin hangen nesansa, cewa mota ba ta iya zuwa gonar Gogo, kuma baƙin Katsina mutane ne masu takalmi mai tsada. Akwai kuwa wata gona a sama da tata, daidai bakin hanya, wadda mutum zai gani ko bai sauke gilashi ba. Aka bincika gonar wa ce, sai aka tarar, ikon Allah, ta Alhaji ce ta gado. Ya ce shi bai so ba, amma saboda al'umma zai sadaukar da ita a yi aikin a ciki. Ya raɗa mata suna Gonar Gwaji.

Mai Unguwa Garba ya buɗe baki, ya tuna motar wa ke kai masu naƙuda asibitin Kurfi, ya rufe.

Gogo Batula ce ba ta da abin tunawa. Ta ratso taron da sandarta.

"Kai, ɗan Rekiya."

"Gogo, a wurin aiki Injiniya ake cewa."

"Ni na yi ma wankan fari ranar da aka haihe ka, ban ga injin ba. An ce gonata za a fara. Taku sha biyu ya rage. In ruwan fari ya sauka ban da dutse ko ɗaya, ina za ni?"

"Gonarki na cikin kashi na biyu na tsarin, Gogo."

"Kashi na biyu yaushe ne?"

"Bayan kashi na ɗaya."

"To Allah shi kai mu. Shi ramin ka sanar da shi? Don ni ban ga alamar shina jiran kashi ba."

Aka yi dariya ƙasa-ƙasa. Alhaji ya ce a rubuta cewa an saurari koken mata.

Daga nan aka shiga aiki, kuma tarihi zai shaida ba a taɓa tantance dutse a ƙasar Katsina kamar yadda Alhaji ya tantance ba. Yakan zauna ƙarƙashin lema, kowane mai kwando ya zo ya durƙusa ya nuna kayansa. Wannan ya cika ƙusumbi. Wannan baƙi ne, zai ɓata hoto. Wannan ba shi da fuska. Cikin duwatsu goma, uku ke cin jarrabawa. Sauran a watsar can ƙasa, bakin iyakar gonar Gogo, inda ido ba ya kaiwa.

Jera dutse haka kawai kuwa aikin talaka ne. Ciyaman ya sa aka kawo siminti daga Dutsin-Ma, aka kama duwatsun gam, aka tayar da katanga har ƙugun mutum, miƙe kamar an ja da rula, daga wannan kusurwar gona zuwa waccan. Aka shafe ta da farar ƙasa. Da hantsi in rana ta haska ta, har daga hanya sai ka kare ido.

Mahmuda ya sake gwada sa'arsa.

"Alhaji, ko a bar mata 'yar ƙofa a tsakiya, inda ruwa zai wuce in ya yi yawa."

"Ƙofa! Jama'a ku ji. Katangar da aka gina don ta tare ruwa, a yi mata ƙofa don ruwa ya wuce. To in za ka gina rumbu sai ka bar wa ɓera taga ke nan? Malam Mahmuda, kai rami ka iya, ramin ma na ƙasa. Ka bar wa masu ilimi abin da ke sama."

Saura kore. Gonar Gwaji dole ta fi kowace gona kyau ranar da baƙi za su zo. Alhaji ya roƙi Lado, Bafulatanin da ke ruga bayan tudu, ya kwantar da shanunsa a gonar wata biyu cur don su zuba taki, yadda aka saba yi da rani. Bai ishe shi ba. Ya sa amalanke ta yi ta jigilar takin tumaki daga cikin gari, sama da katanga da ƙasa da ita, har gonar ta yi baƙi ƙirin, ƙafa na nutsewa. Tsofaffi suka ce tun da suke ba su taɓa ganin ƙasa mai daɗi haka ba. Daga ƙarshe aka kafa allo a bakin hanya, da hoton Ciyaman cikin kwano yana nuna sama da yatsa, kamar shi ya ba hadari izinin tasowa.

Duk wannan lokaci Gogo Batula ba ta sake zuwa ta yi magana ba, abin da ya kamata ya ba mai hankali tsoro. Kullum bayan la'asar, ko ranar gayya ce ko ba ita ba, sai ta fito da tsohuwar tasa. Ta je tarin duwatsun da suka faɗi jarrabawa, ta ɗauki mai ƙusumbi, ta ɗauki baƙin, ta ɗauki mara fuska. Kwana biyu ita kaɗai. Rana ta uku matan maƙwabta huɗu suka biyo ta da gammo. Kafin mako ya zagayo sun kai goma sha, har da amaryar Mai Unguwa, wadda ta ce wa mijinta itace za ta. Mahmuda kan zo da tiyonsa, shi riƙe da sanda ɗaya, Gogo riƙe da ɗaya, tana leƙen ruwan da ido ɗaya.

"Ƙara gaba, Mahmuda. A'a, ka wuce. Dawo kaɗan. Yawwa, nan ya kwanta."

Manyan duwatsu a ƙasa, ƙanana a cusa ta gefen da ruwa zai fito. Layi bakwai suka ja tsakanin iyakar Alhaji da kuka, kowanne a karkace, ba wanda ya kai gwiwa, ba wanda za ka so a ɗauke ka hoto kusa da shi.

Wata rana Ciyaman ya leƙo ya gani. Ransa ya ɓaci ƙwarai.

"Wannan ba ya cikin tsari. Wa ya sa hannu? In baƙi suka ga wannan kwamacala sai su ɗauka garin ba injiniya."

Ya sa aka kafa zana doguwa a kan iyaka don ta rufe abin kunyar. Gogo ta ce ta gode, dama iska na damun ta.

Aka sa ranar ƙaddamar da katanga, wata Laraba a farkon damina. An yi yayyafi sau biyu kafin nan, amma babban ruwa bai sauka ba tukuna. Aka ɗaura jan ƙyalle daga allo zuwa wani turke, aka jera kujeru, aka kawo almakashi a kan faranti. Tun azahar gabas ta fara haɗe rai. Mai Unguwa ya ce ko a gaggauta. Alhaji ya ce jawabin shafi shida ne, kuma hadari ma zai amfana da ji.

Ya hau kan katangar da kansa, mutum biyu na tura shi ta baya.

"Gwaji, gwaji. Jama'a, yau rana ce da jikokinku za su tambaye ku, kuna ina? Daga yau an kashe zaizayar ƙasa a Kwarin Marke. An yi mata wanka, an yi mata sutura. Wannan katanga da kuke gani, ko shekara ɗari..."

Aka yi tsawa. Lasifikar ta yi wani ƙara ta mutu. Iska ta ɗebi shafi na biyu zuwa na shida ta nufi Wurma da su. Sai ruwa, irin wanda ba ya sallama.

Mutane suka ruga ƙarƙashin rumfar mai shayi da ke bakin hanya. Ciyaman bai gudu ba, a ba shi wannan. Ya tsaya kan katangarsa, babbar riga ta manne masa, ruwa na buga kwano kamar ana kiɗan ƙwarya. Jan ruwa ya gangaro daga tudu, ya zo ya daki farar katanga, ya tsaya.

"Kun gani!" Alhaji ya ɗaga murya. "Ya tsaya! Wallahi ya tsaya! Ina Mahmuda? A kira Mahmuda ya zo ya ga oda!"

Mahmuda na rumfa, bai kalli inda Alhaji ke nunawa ba. Kusurwar gabas yake kallo. Katanga dai miƙe take, amma ƙasar da ke ƙarƙashinta ba ta halarci taron bita ba. Ta gangara wajen gabas kamar yadda ta saba tun kafin a haifi Rekiya. Duk ruwan da katangar ta tare sai ya bi jikinta, ya yi layi kamar 'yan makaranta, ya tafi ya taru a kusurwa ɗaya. Ya kai gwiwa. Ya kai ƙugu. Ya nemi ƙofa bai samu ba.

"Alhaji, sauko!" in ji Mai Unguwa. "Sauko don Allah!"

Alhaji ya nufi kusurwar a kan katanga, hannu a ɗage, da alama zai ba ruwan umarni na biyu. Bai isa ba. Aka ji wani gum, kamar rumbu ya faɗi. Kusurwar ta tafi, ta ja na kusa da ita, na kusa ya ja na kusa. Ciyaman ya yi tsalle irin wanda rabonsa da yi tun yana kiwon awaki, ya rungume ƙafar allonsa. Nan ya maƙale, shi a ƙasa, hotonsa a sama yana nuna hadari. Kwanon ya fice daga kansa, ya faɗa ruwa a rigingine, ya juya sau biyu, ya bi ayari.

Ayari kuwa babba ne. Takin shanun Lado na wata biyu, takin tumakin gari, baƙar ƙasar nan da ƙafa ke nutsewa, duk suka tashi gaba ɗaya. Suka ture zanar da ke kan iyaka kamar labule, suka faɗa gonar Gogo Batula.

Gogo na tsaye gindin kuka, buhu a ka, ta ƙi zuwa rumfa. Tana kallo ruwan ya haye layin farko kamar babu shi. Ya watsa na biyu, duwatsu suka yi ta gangarawa. Ta dafa kukar. A na uku ruwan ya bazu, ya bi lanƙwasar hagu da dama, ya rasa wuri guda da zai tattara ƙarfinsa. A na huɗu ya fara tafiyar tsofaffi. Kafin ya kai na bakwai ya zama abin tausayi, yana tsiyaya ta tsakanin duwatsu, ya wuce ta gefen ƙafarta ya sauka cikin Haɗiyau a hankali, kamar mai shiga ɗakin surukai.

Washegari da hantsi ta jingina bayanta da kukar, ta fara takawa tana ƙirgawa da ƙarfi, rabin gari na kallo. Sha biyu. Ta koma ta sake. Sha biyu. Sannan ta ce wa Mahmuda ya zo ya ga wani abu. Bayan kowane layi baƙar ƙasa ta kwanta lumus, wani wurin har ta shafe duwatsun. Ya tura hannu, hannun ya nutse har wuyansa. Ya shinshina.

"Gogo, wannan ai shanun Lado ne."

"Ni ma na ji muryarsu," in ji ta.

Baƙi suka zo cikin Agusta, mota biyu, wata Hajiya Khadijat ce shugabarsu. Alhaji ya tare su tun daga mararraba, cikin sabon kwano, fari wannan karon, wanda ya sayo a kasuwar Dutsin-Ma. Da aka zo daidai Gonar Gwaji, inda yanzu ba komai sai jan tsandauri da wasu 'yan karan gero masu kama da tsintsiya, ya ja hankalin Hajiya zuwa ɗaya tagar, yana nuna mata wani tsauni mai tarihi. Da aka tsaya kuma, ya gano cewa ashe takalmi mai tsada na iya taka ƙasa. Shi ya shige gaba har gonar Gogo.

Geron ya fi mutum tsayi, kore shar, ganye na kaɗawa. Ciyaman ya tsaya tsakiya, ya ɗora ƙafa kan wani baƙin dutse mai ƙusumbi.

"Hajiya, abin da kike gani sunansa tsarin lanƙwasa. Na daɗe ina faɗa wa mutanen nan, ruwa ba ya son a yi masa tsaye. Da farko sun ƙi fahimta, kin san mutanen karkara. Har sai da na gina wata katanga can sama, miƙe, da gangan, don su ga yadda ba a yi. Koyarwa ke nan a aikace. Wannan dutsen da na taka, ni na zaɓo shi da hannuna."

Hajiya Khadijat ta rubuta wani abu. Ta duba layukan, ta tambayi wa ya auna, Mahmuda ya fito da tiyonsa daga bayan mutane, suka ɗan jima suna magana. Sannan ta juya ga tsohuwar da ke zaune gindin kuka tana tsinkar rama.

"Gogo, sannu da aiki. Gonarki ce? Wa ya fi taimaka miki a wannan aikin?"

Alhaji ya gyara tsayuwa, ya ɗan juya gefen da ya fi kyau a hoto.

"Alhaji ne, ɗiyata," in ji Gogo. "Gaskiya ɗaya ce. Matan garin ga sun ba ni wuyansu, Mahmuda ya ba ni tiyo. Amma kowa abin hannunshi ya ba da. Shi ko Alhaji gonarshi ya ba ni, ɗungurungum, har da takin. Bai ma sa ni ɗauka ba, har gida ya aiko mini da ita."

Wani ya yi tari a baya. Tarin ya yaɗu.

"Roƙona ɗaya," ta ci gaba, "tunda ke babba ce, ki sa baki. In Allah ya kai mu baɗi, ya sake gina wata katangar, ya sake kiran Lado. Na ƙara layi biyu can ƙasa, akwai wuri."

Alhaji ya yi dariya, don a ga shi ma ya san wasa, dariyar ta fito kamar an taka kwaɗo. Ya ce lokaci na tafiya, akwai lemo a gindin marke. Suna juyawa Hajiya ta tsaya, ta nuna wani abu rawaya a inuwar kukar, a rigingine, an tallafe shi da duwatsu uku. Kaji huɗu sun kewaye shi, suna tsoma baki suna ɗaga kai sama.

"Wancan fa, Gogo? Ba hular ma'aikata ba ce?"

"A layi na biyar na tsince ta," in ji Gogo. "Kwanon ma na Alhaji ne, Allah shi saka mai. Wata biyu ke nan ina zuba ma kaji ruwa a ciki, ko ɗigo bai taɓa zuba ba. Ki rubuta wannan ma, ɗiyata. Cikin duk aikin Injiniya, shi ne ya riƙe ruwa."